Taswirar Anacha ce ta ɓata min littafin

Na sayi wani ɗan littafi na tarihin aikin sojan Janar Murtala Ramat Muhammed. Babin farko ya burge ni, har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Ya bi matakan daidai: Barewa, shiga soja a 1958, makarantar horon soja ta Sandhurst a Ingila, samun anini a 1961 a sashen sadarwa, sai Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga takarda mai kauri, hotuna tas.

Ina isa babin yaƙin basasa sai raina ya ɓaci. Marubutan sun zana taswira, kibiya ɗaya miƙe daga Asaba ta haye Kogin Neja ta faɗa Anacha, a ƙasa an rubuta Maris 1968. Duk wanda ya san Runduna ta 2, wadda Murtala ya jagoranta, ya san ba ta nan aka ci Anacha ba. Bayan ƙwato Benin a Satumba 1967, rundunar ta iso Asaba a farkon Oktoba, ta tarar 'yan Biyafara sun karya gadar. Hedikwata a Legas ta ce a haura arewa a tsallaka ta Idah, inda babu mai tare hanya. Murtala ya kafe sai ta Asaba. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana dawowa da asara.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne, kuma shi ne abin da mai sayen irin wannan littafi yake son gani. Faɗin ruwan a wurin ya fi kilomita ɗaya, abokan gaba na zaune a ɗaya gaɓar suna kallon kowane jirgi. A karon farko sojoji sun sauka har sun shiga gari, amma ƙarin dakaru da harsasai ba su biyo baya a kan lokaci ba. Rundunar ma cikin gaggawa aka harhaɗa ta, da yawa sababbin ɗauka ne, sai suka watse cikin kasuwa maimakon su haƙa ramuka su riƙe bakin ruwa. Da aka juyo musu, kogi ne a bayansu. Daga baya dole aka koma Idah ɗin da aka ƙi, aka zagayo ta Awka, sannan Anacha ta faɗi a Maris 1968. Wata biyar na jini, kibiya ɗaya ta haɗiye su.

A yi musu adalci, marubutan ba su ɓoye kwanton ɓaunar da 'yan Biyafara suka yi wa ayarin rundunar a Abagana ba. Sun kawo ranar 31 ga Maris 1968, sun bayyana yadda ayarin motocin ya jeru kurkusa a hanya ɗaya, aka harbi tankar mai, wuta ta bi sauran. A nan na ɗan huce, na ce to, a bar wa ɗalibai su karanta.

Sai kuma na koma baya neman kisan farar hula da sojojin rundunar suka yi a Asaba ranar 7 ga Oktoba 1967. Ko layi ɗaya babu. Yabon gwarzo daban, share tarihi daban. Ga shi kuma tun daga shafin Benin suke ta kiran sa Janar, alhali Laftanar Kanar ne a lokacin. Kanar ya zo a 1968, Birgediya a 1971. A teburin muƙamai na ƙarshen littafin har sun ƙirƙiro masa Manjo Janar da Laftanar Janar don tsanin ya cika. Bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Daga Birgediya ya tsallaka zuwa cikakken Janar a Janairu 1976, makonni kaɗan kafin a kashe shi ranar 13 ga Fabrairu. Na ɗauki jan biro na soke layukan biyu, kuma ba zan ba kowa aron sa ba sai na gyara taswirar.