Spaceship Earth a Epcot: Hawansa Ya Fi Saukarsa Armashi

Duk wanda ya shiga Epcot, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa huɗu na Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne wani ƙaton dunƙulallen gini mai launin azurfa da ke tsaye a kan ƙafafu shida. Sunansa Spaceship Earth, kuma baƙi da yawa sukan tsaya ɗaukar hoto a gabansa ba tare da sun san cewa a cikinsa akwai abin hawa da ke zagayawa da mutane a cikin duhu na kimanin minti 15, yana nuna musu tarihin yadda ɗan Adam ya koyi isar da saƙo, tun daga zanen bangon kogo har zuwa kwamfuta. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1982, ranar da aka buɗe Epcot ɗin kansa, kuma daga wancan lokaci zuwa yau an yi masa manyan gyare-gyare sau uku. Ra'ayina a kansa shi ne, rabin farko na tafiyar, wato hawa zuwa ƙololuwar ginin, aiki ne da ya cancanci a yi takakkiya domin a gan shi, amma rabin na biyu, wato saukowa, bai taɓa samun tsayayyiyar siffa ba, kuma siffar da yake da ita yanzu ita ce mafi rauni a cikin waɗanda aka gwada.

Ginin kansa ya isa abin kallo. Tsayinsa ya kai mita 55, faɗinsa kuma mita 50, an kuma shafe wata 26 ana aikinsa. Tunanin irin wannan gini mai sassa masu kusurwa uku-uku ya shahara ne ta hannun Buckminster Fuller, Ba'amurke mai zanen gine-gine, wanda ya tsara rumfar Amurka a baje kolin duniya na Montreal a 1967, kuma shi ne ya yayata sunan da aka laƙaba wa wurin. Sai dai ginin Montreal bai cika zagaye ba, shi ko na Epcot an so ya zama cikakken dunƙule da ba ya taɓa ƙasa, don haka injiniyoyi suka yi dabara: suka kafa wani ƙaƙƙarfan dandamali na ƙarfe a kan ƙafafun nan shida, suka ɗora babban ɓangaren ginin a samansa, suka rataye ƙaramin ɓangaren a ƙarƙashinsa. A zahiri ma gini biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki shi ne ke ɗauke da titin abin hawan, an kuma lulluɓe shi da abin da ke hana ruwa shiga. Na waje shi ne fatar nan mai sheƙi mai fuskoki 11,324. Florida ƙasa ce mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, amma wanda ya fake a ƙarƙashin ginin ba zai ga ruwa na kwararowa daga gefensa ba, domin ruwan yana shigewa ne ta tsakanin sassan fatar, ya bi ta magudanan da aka ɓoye, ya ƙare a tafkin da ke tsakiyar Epcot.

Abin hawan jerin ƙananan kujeru ne da ke tafiya ba tsayawa, irin tsarin da kamfanin Disney ke kira Omnimover, wanda ya fara amfani da shi a Disneyland a 1967. Mutum yakan taka wani faifai mai juyawa daidai da saurin kujerun ya shiga, mutum huɗu a kowace kujera, biyu gaba biyu baya. Babu gudu, babu faɗowa, babu ƙa'idar tsayi, don haka tsoho da jinjiri duk suna iya hawa. Amfanin wannan tsari ga mai zane shi ne, shi ke da ikon abin da idon ɗan kallo zai gani da lokacin da zai gan shi, kuma a nan an yi amfani da wannan iko da kyau ƙwarai, domin titin yana murɗawa sama a hankali ta yadda kowane zamani ke bayyana bayan wanda ya gabace shi ya ɓace a duhu. Marubucin nan Ray Bradbury ya taimaka wajen tsara labarin farko, aka kuma nemi shawarar masana daga cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Smithsonian da ɗakin karatu na Huntington, duka a Amurka, domin tufafi da rubuce-rubuce da kayan aikin da ake nunawa su dace da zamaninsu.

Da mutum-mutumi masu motsi ake ba da labarin, kuma a nan ne ƙarfin wurin yake. Ana farawa da mutanen kogo suna zane a bango, sai Masar inda wani ke bugun ciyawar bakin kogi yana yin takarda yayin da Fir'auna ke yi wa magatakarda shifta, sai 'yan kasuwar Finikiya a cikin jiragen ruwa, waɗanda haruffansu suka zama tushen haruffa da yawa na yau. Daga nan sai Girka, sai Rum da hanyoyinta, sai kuma kango mai hayaƙi inda ake fesa wa masu kallo ƙaurin itacen da ya ƙone, ƙaurin da duk wanda ya taɓa hawa ba ya mantawa da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan abubuwan da ba dole ba ne a saka su amma aka saka. A ɗakin da limaman Kirista ke kwafe littattafai da hannu, ɗaya yana duƙe yana rubutu, ɗan'uwansa kuwa barci ya kwashe shi a kan teburinsa, ana ganin bayansa na ɗagawa yana sauka, ana jin minsharinsa. Wannan mutum ɗaya ya bayyana wahalar kwafar littafi da hannu fiye da duk abin da mai ba da labari zai faɗa, kuma shi ya sa zuwan Gutenberg da na'urar ɗab'insa a sashe na gaba yake da ma'ana.

Tun 1982 waɗannan sassa na tarihi ba su sauya sosai ba, muryar da ke rakiyar su ce ke sauyawa, kuma da ita ma'anar abin da ake gani ke sauyawa. A 1986 aka ɗauko Walter Cronkite, tsohon mai karanta labarai a talabijin ɗin CBS, wanda Amurkawa suka saba da muryarsa, aka kuma sauƙaƙa kalmomin labarin. A 1994 ɗan wasan Ingila Jeremy Irons ya karɓa, da murya mai nauyi da kiɗa mai sanyi, kuma masu bibiyar wurin da yawa suna ganin wannan ne zamanin da ya fi kowanne daɗi. Daga ƙarshen 2007 zuwa yau muryar 'yar wasan Ingila Judi Dench ake ji, tare da sabon kiɗa na Bruce Broughton. Muryarta ba ta da laifi ko kaɗan, amma rubutun da aka ba ta yana yawan kwatanta kowane abu na da da fasahar yau, yana magana da baƙo kamar ɗan firamare. A wannan gyara ne aka cire wasan kwaikwayon Girkawa aka sa malami yana koyar da lissafi, aka kuma mayar da kangon nan mai hayaƙi ya haɗa da ƙonewar ɗakin karatu na Iskandariyya, ba faɗuwar Rum kaɗai ba.

Sashen da zai fi jan hankalin mai kallo Musulmi shi ne wanda ke biye da gobarar. Ana ganin malamai zaune a ƙasa da littattafai a gabansu suna muhawara, wani masanin taurari yana tsaye a bene da na'urar auna sama a hannunsa, ga kuma wani malamin Bayahude yana nazari. An yi sashen da mutunci, kuma abin yabo ne cewa tun farko masu tsara wurin ba su tsallake wannan zamani ba. Amma a nan ne sauyin kalmomi ya fi yin illa. Rubutun 1994 ya ambaci Alƙahira da Ƙurɗuba, ya nuna malaman a matsayin masu neman ilimi da ke muhawara suna gano sababbin abubuwa. Rubutun yanzu ya mayar da su masu ajiya kawai, waɗanda suka tsare kwafin littattafan Girkawa har lokacin da Turai za ta farka ta karɓa. Wanda ya san aikin Alkhawarizmi a lissafi, ko na Ibnul Haisam a ilimin gani, ko na Ibnu Sina a likitanci, ya san cewa wannan ragi ne babba. Haka kuma labarin gaba ɗaya bai fita daga kewayen Bahar Rum da Turai da Amurka ba: babu sashen Sin, inda aka ƙirƙiro takarda aka kuma yi ɗab'i tun kafin Gutenberg, babu kuma ko alamar Timbuktu da tarin littattafanta. Minti 15 ba za su ɗauki komai ba, wannan gaskiya ne, amma abin hawan da ke magana da sunan duniya baki ɗaya ya kamata ya ɗan faɗaɗa taswirarsa.

Bayan mutum-mutumin Michelangelo, mai zanen nan na Italiya, da ke kwance yana zane a rufin majami'ar Sistine, tafiyar takan ƙara sauri: injin buga jarida mai tururi da yaro mai tallar jarida, wayar tangaraho, mata masu haɗa layukan tarho, gidan rediyo, sinima. Gyaran 2007 ya ƙara sassa uku a nan, kuma dukkansu sun zauna daram. Akwai iyali a falo suna kallon saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969, akwai ɗakin manyan kwamfutoci masu faifan tef inda wata baƙar fata masaniyar kimiyya ke tsaye tana aiki, sai kuma garejin mota a California inda wani matashi mai dogon gashi ke harhaɗa ƙaramar kwamfuta a tsakiyar tarkace. Daga nan kujerar takan ratsa wani rami mai koren haske ta fito a ƙololuwa, inda rufin ginin ya zama sararin sama cike da taurari, ga duniyarmu can nesa tana shawagi. Wannan wuri bai tsufa ba ko kaɗan.

Daga nan ne matsalar take farawa. Kujerar takan juya ta fara gangarowa da baya, kuma tun ranar farko wannan sashe aka ware wa hasashen gobe, abin da ya sa kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wurin suka fi sa masa ido: Bell System da farko, sannan AT&T, sannan Siemens daga 2005 zuwa 2017. A 1986 hotunan yara da waƙa aka cika shi da su. A 1994 aka gina ƙananan sassa masu nuna mutane a ƙasashe daban-daban suna ganawa ta bidiyo, da wani birni da aka ƙawata da zaren haske, bayan an nuna yaro a Amurka yana hira da yarinya a Japan ta allo kafin a kai ƙololuwa. Abin da ya zama abin mamaki a wancan lokaci yau yana cikin aljihun kowa, don haka dole aka cire shi. Amma abin da aka maye gurbinsa da shi a 2007 ƙaramin allo ne a gaban kujera. Ana ɗaukar hoton fuskar mutum a farkon tafiya, a lokacin saukowa allon ya yi masa 'yan tambayoyi game da irin rayuwar da yake so, sannan ya nuna masa gajeren zanen barkwanci da fuskarsa a manne. Yara suna dariya, kuma allon yana ba da zaɓin harsuna shida, ko da yake babu Larabci a ciki. Sai dai a gefe da gefe babu komai sai duhu da ɗigon shuɗin haske, wato an bar wani babban yanki na ginin fayau, an sa mutumin da ya gama kallon aikin hannu mai ban sha'awa ya sunkuyar da kai yana kallon allon da wayarsa ta fi shi kyau.

Kamfanin da kansa ya nuna alamar ya san da wannan. A 2019 ya sanar da babban gyara wanda zai karkatar da jigon zuwa ga yadda ɗan Adam ke ba da labari, aka sa ranar rufewa a watan Mayun 2020, sai annobar korona ta zo aka ɗage aikin. Abin da aka samu a maimakonsa shi ne fitilun da aka dasa a jikin ginin daga waje a 2021, lokacin bikin cikar Walt Disney World shekara 50, kuma sun yi wa ginin kyau da daddare fiye da ƙaton hannun Mickey, ɓeran zanen barkwanci na Disney, mai riƙe da sanda da aka kafa a gefensa domin bikin shekarar 2000, wanda sai a 2007 aka sauke shi.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata ita ce kada ya bi layi da safe, domin kasancewar ginin a bakin ƙofa yakan sa kowa ya yi kansa da zarar an buɗe. Da la'asar ko bayan magariba layin yakan ragu sosai. Kujerun roba ne masu tauri, gangarowa da baya kuma takan ɗan takura wuya, sannan abin hawan yakan tsaya na ɗan lokaci idan ana taimaka wa mai keken guragu ya shiga, don haka tsayawar ba abin tsoro ba ce. Wanda ke tare da yara zai amfana idan ya yi musu bayanin sassan tun kafin a shiga, musamman na malaman Musulunci, domin abin da muryar za ta faɗa musu a wurin bai kai abin da idonsu zai gani ba.