Gilifoset ko atarazin: wanne ya fi daɗewa a ƙasa?

Malam, ka tambaya kan gonarka ta wajen Mirya: za ka yi feshin maganin ciyawa a dawa, baɗi ka sa wake da gyaɗa, to wanne ne ba zai bar maka dafi a ƙasa ba.

Gilifoset, wanda ya fito kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ta ganye yake shiga. Da ya sauka ƙasa sai ya manne wa laka, saiwa ba ta cika jan shi ba, ƙwayoyin halittar ƙasa su yi ta cin shi. Rabinsa yakan narke cikin kwana 47 ko kusa da haka. Shi ya sa ake fesa shi kafin shuka, bayan ƴan kwanaki a shuka. Amma ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, har dawar taka.

Atarazin kuwa aikinsa ke nan ya zauna a ƙasa ya jira tsiro, domin ta saiwa yake kisa. Masara da dawa suna iya da shi. Wake, gyaɗa da kayan garka ba sa iyawa: za ka ga gefen tsofaffin ganyaye ya yi rawaya, ya ƙone, tsiron ya tsumbure. Rabinsa yakan kai kwana 60, kuma wannan lissafin na ƙasa mai danshi ne. Nan ne Damagaram ta bambanta. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, daga nan ƙasa ta bushe ƙayau, ƙwayoyin da ke cin maganin su daina aiki. Abin da ya rage a watan Satumba yana iya jiran ruwan farko na baɗi.

Abin da ya fi damuna ruwan sha ne. Atarazin ba ya kama ƙasa sosai, jigawa kuma ba ta riƙo. A kwari irin na Gidimuni, inda rijiya ba ta da zurfi, ruwa zai kai shi inda yara ke ɗiba. Saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ne Tarayyar Turai ta hana shi a 2004, ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ma ta haramta shi, Nijar na ciki.

A ganina, tunda wake za ka sa, ka rabu da atarazin ko da mai shago ya rage maka kuɗi. In za ka yi gilifoset, ka fesa kafin shuka, da safe iska ba ta tashi ba, ka bi awon da ke jikin gora, sauran aikin ka bar wa hauya.