Targaɗe ne ko karaya? Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya ji ciwo a filin ƙwallo

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce jiya da yamma ƙafarsa ta gurɗe a wajen ƙwallo, idon sawu ya kumbura suntum. Kakarsa ta ce a tafi wurin mai ɗori, babansa ya ce targaɗe ne, a shafa man zafi kawai, ke kuma kina son ki san yadda ake bambancewa.

Targaɗe ciwon jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi ne, ko sun miƙe fiye da kima ko sun yage. Galibi tafin ƙafa ne ke juyawa ciki, shi ya sa ciwon ya fi zama ta gefen waje. Karaya kuwa ƙashin ne kansa, ko ya tsage yana nan a mazauninsa, ko ya rabu ya goce. Dukansu suna kumbura, jini ya kwanta har fata ta yi duhu, don haka girman kumburi ba shaida ba ne. Haka maganar nan ta "ai yana motsa yatsu, bai karye ba". Mai karaya ma yana motsa su.

Abin da ya fi taimakawa shi ne ƙa'idar da likitoci suka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992, don gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Da farko, ya iya takawa taku huɗu, ko da da ɗingishi? Sannan a danna ƙashin da yatsa a hankali: ƙarshen ƙashin idon sawu na ciki da na waje, da bayansu zuwa sama kamar santimita 6, da ɗan tudun ƙashin nan na gefen ƙafa da ke layi ɗaya da ƙaramin yatsa, da kuma wanda ke tsakiyar ƙafa ta ciki. Mai targaɗe ya fi jin zafi a nama mai laushi, ƙasa da idon sawu ko gabansa. Idan a kan ƙashi ya zabura, ko ya kasa takun nan tun daga fili har yanzu, to a je a ɗauki hoto. Idan bai gama girma ba ma sai a ƙara kula, domin bakin ƙashin yara inda yake tsawo ya fi jijiyarsu rauni.

Targaɗe a gida ake jinyarsa. Kwana biyu zuwa uku na farko a huta, a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗa bandeji ba tamau ba, a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 20 lokaci-lokaci. Ledar fiyawata da ta daskare ma ta wadatar. A ba shi farasitamol. Gashi da ruwan zafi, da murza, da man da babansa ke faɗi, duk su dakata tukuna, kumburi suke ƙarawa a waɗannan kwanaki. Daga nan ya fara takawa, yana juya ƙafar, yana gwada tsayuwa da ita ita kaɗai, don kada ta riƙa gurɗewa nan gaba. Ƙarami yakan lafa cikin mako biyu zuwa uku, wanda jijiya ta yage yakan ja watanni.

Karaya kuma a hana ta motsi ake yi, da filastar asibiti mai tauri kusan mako shida, wadda ta goce kuwa wani lokaci sai an yi aiki an sa ƙarfe. Irin wannan ne aikin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Maganar kaka fa, ban raina masu ɗori ba, amma hannu ba ya ganin tsagewar da ta shiga cikin gaɓa, kuma idon sawu in ya haɗe a karkace, ciwon gaɓa ne na shekaru. Mafi muni shi ne ɗaure karare tamau a kan ƙafar da ba ta gama kumbura ba: jini ya tsaya, nama ya mutu, har a kai ga yanke ƙafa. Ki lallaɓa ta a fara yin hoton. Idan kuwa kin ga ƙafar ta karkace, ko akwai rauni a kan ƙashin, ko yatsun sun yi sanyi sun sauya launi, ko ya daina jin su, kada a kwana, a wuce asibiti yau.