Wane keke ya kamata ƙungiyar tseren mutum uku ta saya?

A tseren gudun wuta na ƙungiyar maza, mutum uku ne ke tashi daga tsaye cik, su zagaya filin tseren keke mai gangare a kwana, mai mita 250, sau uku. Na gaba ya ja zagaye ɗaya ya kauce, na biyu ma haka, na uku ya ƙarasa shi kaɗai. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, 'yan Holan, wato Roy van den Berg da Harrie Lavreysen da Jeffrey Hoogland, sun cinye mita 750 ɗin a daƙiƙa 40.949. Keken wannan aiki ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, kuma muddin taya na juyawa feda ma juyawa take. Keken titi ba ya shiga nan. Shi ya sa a Paris ɗin sai da tawagar Jamus ta ara wa Ese Ukpeseraye ta Najeriya keke kafin ta shiga tseren fili.

Idan aka zo saye, kasuwar hawa uku ce.

Na ƙasa shi ne na alminiyum, irin su Dolan Pre Cursa. Yana da sauƙin kuɗi, yana jure faɗuwa, kuma yawanci illar da ta same shi ido zai gani. Matsalarsa tana fitowa ne a ƙarƙashin ƙaton ɗan tsere: lokacin da ya danna feda da dukkan ƙarfinsa a tashin farko, jikin keken kan ɗan lanƙwasa, wani ƙarfin ya tafi a banza. Ga masu koyo dai babu laifi ko kaɗan.

Na tsakiya shi ne na kabon da ake samu a shagunan kaya, misali Dolan DF4. Ya fi tauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi yanka iska. A ganina nan ne kuɗin ƙungiya mai neman shiga gasar ƙasa ko ta Afirka ya kamata ya tsaya.

Na sama kuwa su ne kekunan manyan tawagogi: Koga na Holan, Look na Faransa, da wanda Hope da Lotus suka ƙera wa Birtaniya. Dokar hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta ce duk abin da za a hau a gasa dole ya kasance na sayarwa ga kowa, don haka suna da farashi, amma farashin ya kan kai dubban fam masu yawa, ga jiran oda. An ƙera su ne don a aske ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ƙungiyar da har yanzu take gyara yadda na gaba zai kauce wa na biyu ba za ta ga amfanin kuɗinta ba. Kekuna uku matsakaita masu kyau sun fi guda ɗaya na alfarma da biyu na jeka-na-yi-ka, tunda agogo ba ya tsayawa sai na ukun ya tsallake layi.

Kada a ruɗe ka da zancen rashin nauyi. UCI ba ta yarda keke ya gaza kilo 6.8 ba, kuma a wannan tsere tauri ake nema.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne giya. Mutum ukun ba aiki ɗaya suke yi ba. Na gaba yana buƙatar giya mai sauƙi don ya fizge ƙungiyar daga tsaye, na uku kuma mai nauyi, domin shi gudu ya riga ya kankama kafin ya zama shi ne a gaba. Saboda haka a sayi farantan haƙora na gaba da na baya iri-iri, na gaban masu ma'aunin ramukan ƙusa na milimita 144 da aka saba da shi a kekunan fili, da kaca mai kauri ta inci 1/8. Mai koyo zai iya farawa da haƙora 48 a gaba, 15 a baya. Sandar feda gajera, mai milimita 165, ta fi aminci, don doguwa tana iya taɓa gangaren fili a kwana. A haɗa da maɗaurin ƙafa a kan feda. Ƙafa ta kuɓuce a tashin farko, tsere ya ƙare ke nan.

Kan keke, wato sandar da ake riƙewa da hannu, shi ma ba wurin tsimi ba ne. A Tokyo a 2021 na Alex Porter ɗan Ostireliya ya karye ana tsaka da gudu, a wani tseren ƙungiya na daban, ya kifa da fuska. A nemi wanda aka yi musamman don masu gudun wuta. Wili rufaffe na baya, irin Mavic Comete, a bar shi sai ranar gasa, a yi atisaye da mai waya.

Na hannu fa? Na alminiyum, saya hankali kwance bayan ka duba walda. Na kabon kuwa tsagewa kan ɓuya ƙarƙashin fenti, don haka a duba kewayen inda feda ke shiga da inda wilin baya ke zama, a tambayi tarihin faɗuwarsa. Wanda ke da niyyar shiga gasa irin ta zakarun Afirka da aka yi a filin Abuja a 2022, ya tabbatar samfurin yana cikin jerin waɗanda UCI ta amince da su kafin ya biya ko sisi.