Google Earth Pro, kafin ka zuba jari a yankin da aka ce yana tasowa

Duk dillalin da zai tallata maka fili ko rumbun ajiya a wani yanki, waƙarsa ɗaya ce: wurin nan yana tasowa, nan da 'yan shekaru ba za ka gane shi ba. Ni dai ba na ce masa uffan sai na buɗe Google Earth Pro a kwamfuta, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama. Manhajar kyauta ce tun 2015, da can sai an biya kuɗin shekara. Asalinta ta wani kamfani ce mai suna Keyhole, wanda Google ya saya a 2004.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne wata 'yar alama mai siffar agogo a saman allo. Kana danna ta wani layi zai fito, in ka ja shi baya sai tsofaffin hotunan wurin su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Yankin da yake tasowa da gaske, za ka ga jar hanya ta koma baƙa an shimfiɗa mata kwalta, rufin kwano yana ƙaruwa a bakinta, manyan motoci sun jeru a gaban wani dogon gini. An taɓa kawo mini tallar wani fili, wai masana'anta za ta zauna a gefensa. Tsohon hoton ya nuna katanga da ƙofa. Na baya-bayan nan ma katangar ce, sai dai ciyawa ta cinye ciki, ko sawun tayar mota babu a bakin ƙofar. Na yi wa mai tallar godiya.

Akwai kuma ma'auninta. Kana iya zagaye fili ta faɗa maka hekta nawa ne, ko ka bi lanƙwasar hanya ka auna tsakaninsa da babban titi. "Kusa da titi" a bakin mai sayarwa yakan yi tsawo idan aka auna.

Mai son ganin yadda yanki guda yake girma ya leƙa Timelapse a Google Earth na intanet, wanda ke jero hotunan wuri shekara bayan shekara tun daga 1984. Yawancin tsofaffin hotunan na taurarin ɗan'adam na Landsat ne, kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 30, don haka gida ɗaya ba zai fito ba, sai gari. Ku nemi Shenzhen a kudancin Sin, wanda aka mayar yankin tattalin arziki na musamman a 1980, ku ga yadda gonaki suka koma tashar jiragen ruwa da masana'antu.

To amma a Sin ɗin nan akwai Kangbashi, sabon garin da aka gina a Ordos. Daga sama komai ya cika: tituna masu faɗi, dogayen benaye, filayen shaƙatawa. Shekaru aka yi yawancin gidajen ba kowa a ciki. Manhajar tana nuna rufi, ba ta nuna ko akwai mai saye a ƙarƙashinsa. Ba za ta faɗa maka awa nawa ake samun wutar lantarki ba, ko takardar filin ta gaskiya ce, ko direbobi suna tsoron bin hanyar da dare. Waɗannan sai ka taka da ƙafarka, ko ka tura wanda ka yarda da shi ya zauna a tashar mota ya saurari hira.

Hotunan ƙauyuka ba a sabunta su da sauri kamar na manyan birane, wani lokacin kuma gajimare ya rufe daidai inda kake son gani. Ranar da aka ɗauki hoto tana rubuce a ƙasan allo da ƙananan haruffa. Ita za ka fara dubawa kafin ka yanke hukunci a kan abin da ke gabanka.