Jirgin sama mai tashi da roba: wanne za ka saya daga Maraɗi?

Duk wanda ya taso a Maraɗi ya ƙera motar kara, wasunmu har jirgin kara mun yi, sai dai in ba jifa aka yi da shi ba, ba ya barin ƙasa. Jirgi mai tashi da roba kuwa kwali ne da ke zuwa da siraran allunan katakon balsa (wani katako marar nauyi), zanen jirgin, farfela, takarda shara-shara ta lulluɓe jiki, da zaren roba. Ka haɗa, ka yi ta murɗa farfela har robar ta nannaɗe, ka saki ya tashi, ba batir ba mai. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tayar da irinsa a birnin Faris, ya yi kamar mita 40 cikin daƙiƙa 11.

Na filastik, a bar shi a kan tebur, ado ne. Wanda aka yi da farin abin nan da ake tallafe talabijin da shi cikin kwali, na yara ƙanana ne, kwana biyu ya gama yawo. Jiragen yaƙi irin su Spitfire da Mustang kuwa sun fi kowa kyau a hoto, amma fiffikensu a ƙasa yake, daidaita su sai gwani.

Ni dai nawa shi ne mai fiffike a sama, irin Piper Super Cub na kamfanin Guillow's, wanda ke wannan sana'a a Amurka tun 1926. Faɗin fiffikensa inci 24, wato kusan santimita 61, ba ƙarami ba ne da zai wahalar da yatsu, bai kuma yi girman da robar za ta gaza ba. Da yake nauyin jikin yana rataye ne a ƙarƙashin fiffike, in iska ta ɗan karkata shi, yakan dawo daidai da kansa. Jikin kusan murabba'i ne, sandunan a miƙe, takarda na kwanciya lafiya ba tamoji. Ka nemi wanda aka yanka da leza, za ka ga bakin kowane yanki ya ɗan yi baƙi-baƙi kamar an gasa. Da ka taɓa shi da reza ya fito. Tsohon yayi, wanda ake dannawa da ƙarfe, yakan murƙushe katakon, ka wuni kana gyara haƙarƙarin fiffike ɗaya.

Yanzu ga inda na ƙone. Wani mai talla a WhatsApp ya turo mini hoto mai kyau, ya ce kayan na Kano, direba zai kawo ta Ɗan Isa. Na tura kuɗi. Kwalin da ya iso, katakon ciki ya fi kama da na akwatin tumatir, zanen kuma kwafi ne da ya dushe har layukan ba sa haɗuwa. Duk da haka na yi mako biyu ina liƙi. Ranar gwaji ɗan yayata ya ce, "Kawu, wannan ai jirgin ƙasa ne." Bai yi ƙarya ba.

Saboda haka kada ka biya sai an nuna maka cikin kwalin a bidiyo, ba murfinsa ba. In ya zo hannunka, danna farce a allon: balsa na gaske na lotsawa nan take, kuma a tafin hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Auna zanen da ma'auni, domin masu kwafi sukan rage girmansa ba su sani ba. Wanda ya ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji", to ba ɗaya ba ne.

Robar ma abin dubawa ce, don kwalin da ya daɗe a shago cikin zafin watan Afrilu, robarsa ta riga ta mutu. Ja ta a hankali. In ka ga tsattsagewa ko tana danƙo a yatsa, jefar. Ta tayar keke da ta ɗaurin kuɗi ba sa yi. Ka sa a haɗo maka robar jirgi mai suna Tan Super Sport daban, ka shafa mata gilisarin na kantin magani kafin murɗawa, ban da man inji ko basilin, suna cinye ta. Ragowar ka ƙulle a leda, ka sa a firji ko can ƙasan akwati inda rana ba ta kaiwa.