Kwana tara a wani ƙaramin otal a Xiaobei, Guangzhou

Zuwana Guangzhou na farko, dillalina ya sauke ni a wani katafaren otal mai daɓen marmara, ina zuba yuwan 600 na kuɗin Sin duk dare, alhali ban san komai na otal ɗin ba sai gadon, don ƙarfe goma nake dawowa daga kasuwa in zube kamar buhu. Wannan karon na ce ba da ni ba. Wani abokina ɗan Kwari ya turo mini adireshin wani ƙaramin otal a unguwar Xiaobei, yuwan 230 kwana, tafiyar minti biyar a ƙafa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layi na 5.

Daga filin jirgin Baiyun jirgin ƙasan na bi: layi na 3, na canza zuwa na 2 a Jiahewanggang, sannan na 5 a babbar tashar Guangzhou, tasha ɗaya ka sauka. Akwai arha, amma mai manyan akwatuna gara ya hau tasi.

Yarinyar da ke kan kanta ba ta jin Turanci, sai ta yi magana a wayarta ta juyo mini allon in karanta. Ta karɓi fasfona ta shigar da ni rajista, don a Sin dole otal ya kai sunan baƙon waje ga 'yan sanda. Shi ya sa wasu ƙananan otal suke korar baƙo tun daga bakin ƙofa, gudun wahala. Nan kuwa sun saba da 'yan Afirka. Ta kuma karɓi yuwan 200 na ajiya, ta ba ni rasit.

Ɗakin da aka fara ba ni ba taga, ga warin taba ya kama labule da bargo, har cikin filo. Na sauko na nuna hancina na yamutsa fuska, ba wata gardama ta sauya mini zuwa hawa na bakwai, da ƙarin yuwan 20. Wannan kam fes, farin zanin gado, iyakwandishan ba ƙara, ruwan zafi dare da rana. Katifar ce dai kamar benci, haka Sinawa suke so, sai da na kwana uku bayana ya haƙura.

Banɗaki ba buta. Gorar ruwa na shanye na mayar buta, da ita na yi kwana tara. Abin dariyar shi ne daren farko: na shimfiɗa darduma na juya gabas yadda na saba a Kano, har na ɗaga hannu zan kabbara, sai zuciya ta ce duba waya. Ashe alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa. Ba wata alama a ɗakin da za ta nuna maka.

Karin kumallonsu sau ɗaya na leƙa. Kunun shinkafa ne da ƙwai da wasu abubuwa masu nama a ciki, ba wanda zai iya faɗa mini naman mene ne, na fita. Ban yi asara ba, domin layin cike yake da gidajen abinci masu koren allon halal. Taliyar nan da ake ja da hannu a gabanka, da romon naman sa, yuwan 18. Da dare kuma ga gurasa da tsiren rago na 'yan Xinjiang.

Intanet ɗin otal ɗin yana da gudu, sai dai WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a ƙasar. VPN ɗina, wato manhajar buɗe shafukan da aka toshe, ya ƙi tashi ranar farko, uwargida ta yini ba ta ji ɗuriyata ba, har ta kira yayana tana kuka. Ga tazarar awa bakwai, lokacin da nake kwanciya su ko la'asar ba su yi ba.

Abin da ya fi saye ni wurin da otal ɗin yake ne. Kasuwar jakunkunan fata ta Sanyuanli kusa take. Ran Juma'a na tafi masallacin Xianxian da ke gefen lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da mutanen garin ke cewa na Sa'adu bn Abi Waƙƙas ne, ko da yake mu dai a Baƙi'a muka karanta an binne shi. Sahu har waje, na ji Hausa a bayana, na waiwaya, wasu 'yan Maraɗi ne. Sannan otal ɗin ya bar ni na jibge kwali goma sha huɗu a sito na kwana biyu kafin masu kago su zo, ba su karɓi ko sisi ba.

Kada dai mutum ya sa ran wannan farashin lokacin baje kolin Canton, a Afrilu da Oktoba, don abokina ya ce ninkawa suke yi. Kuma a adana rasit ɗin ajiya. Nawa sai da na zazzage akwati a gaban kanta kafin na same shi cikin aljihun kaftanin da na sa ran Juma'a.